Kunyar Ɗan Fari

Tukunyar ruwan jego tana tafarfasa a tsakar gidan Kaka Balaraba da ke Illela, ƙamshin ganyen dogon yaro ya cika ko'ina. Tsohuwar na zaune a kan tabarma da jariri a cinyarta, tana yi masa tsiya irin ta kaka.

"Kai Abdussamad, angona! Ka zo duniya a makare. Ni likkahwanina na cikin kwalla tun bara waccan, kai kuma sai yanzu kake neman aurena? To yi sauri ka girma, ko tuwon sadakata ka samu ka lasa!"

Inna Mairo ta yi dariya har da tafa hannu. Ita ce uwar mijin mai jegon, ta zo ne daga Badaguishiri don ganin jikanta. Mai jegon kuwa, Wasila, jikar Kaka ce, a hannunta ta tashi tun rasuwar mahaifiyarta, shi ya sa da ta haihu aka kawo ta nan wankan gida. Tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, ta ba mutane baya. Da yaron ya fara kuka aka miƙa mata shi, ta ba shi nono fuskarta na kallon bango, yana saki ta mayar da shi kamar wadda ta riƙe garwashi.

"Kun gani ko?" in ji Inna Mairo. "Ɗiyar mutunci ke nan! Ko kallonshi ba ta yi. 'Yan matan yanzu, ɗan hwari ma sai su ɗora shi cikin telehon suna sumbata, duniya na kallo. Ni surukata ta san kunya!"

Kowa ya san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ko yana kuka sai ta yi kamar ba nata ba ne. Saboda haka duk matar da ta shigo barka sai ta yaba wa Wasila ta tafi. Ba wadda ta lura kunun kanwarta yana sandarewa a ƙwarya, ko cewa naman da ake gasa mata kyanwar gidan ce ke ƙiba da shi.

Mutum ɗaya ne yabon bai shiga kunnensa ba, wato mijinta Fa'izu, mai lambun albasa a Badaguishiri. Shi ya san matar da ya aura. Wasila ce fa, wadda tun suna zance take toshe hanci ta ce masa, "Kai, malam, ka ja baya, warin albasarka na sa ni kuka tun ba ka yi mini laihi ba!" Mace mai baki kamar kanari, ta yaya za ta koma dutse?

Ranar kasuwa ya zo a kan moto, wato babur ɗinsa, ya tsaya a zaure kamar yadda ya kamaci suruki, aka turo masa ita. Ta zauna nesa da shi, ta rame, idanunta sun faɗa.

"Wasila, dube ni," ya ce a hankali. "Yau ko warin albasa ba ki ji?"

Ba ta yi dariya ba.

"Kowa na cewa kunya ce. Ni ban yarda ba. Hwaɗa mini, mi ke damunki?"

Sai hawaye suka ɓalle mata.

"Fa'izu, tsoro nike ji! In na ɗauke shi sai in ga kamar zai suɓuce ya hwaɗa cikin ruwan zahi. Ba ni barci, ba ni jin daɗin komi. Ina dubanshi in nemi son da anka ce uwa na ji, in rasa. Ni muguwar uwa ce! Suna yabona, ni kuwa ji nike da ma ban tashi daga haihuwar ba."

Tausayinta ya kama shi. Ya ce, "Ke ba muguwa ba ce. Ba ki da lahiya ne." Ya yi niyyar ya dawo ya yi magana da Kaka a tsanake, amma abin ya riga shi.

Kafin kasuwa ta zagayo, wata safiya Kaka ta fito daga bayi ta tarar da jariri shi kaɗai a kan gado. Masu amalanke ne suka tsinci Wasila can a kan hanyar Badaguishiri, ba takalmi, ba mayafi, tana tafiya tana kuka, ita kanta ba ta san inda ta nufa ba. Suka maido ta gida. Labari kuwa, da yake ba ya jiran moto, ya riga kowa isa Badaguishiri.

Da azahar Inna Mairo ta dira gidan, Fa'izu na biye da ita. Matar da ta gama yabo jiya ita ce yau ke kumfar baki.

"Ashe hauka munka yi ta yabo! Ku ba ni jikana tun ba ta jehwa shi rijiya ba. Kai kuma Fa'izu, ka sawwaƙe mata yanzu a gabana. Hauka gado ne, ba za a zuba mini shi cikin zuri'a ba!"

Wasila na cikin ɗaki tana jin komai, ta cusa kai cikin filo tana kuka.

Fa'izu ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa. "Inna, ki yi mini aikin gahwara. Ban taɓa ƙetare maganarki ba. Amma da ƙahwarta ce ta karye garin haiho miki jika, sai mu kore ta?"

"Ƙahwa daban, kai daban!"

"Duka Allah ɗaya ya yi su, Inna."

"Au, wa'azi za ka yi mini? To in ka maido ta gidana, ni da kai sai a lahira!"

Kaka Balaraba ta gyara zama.

"Mairo, in lahira za ki, ki dakata mini mu tahi tare, ni kayana a ɗaure suke." Ba wanda ya yi dariya, ita ma fuskarta ta canza. "Ki saurara. Sa'adda na haihi ɗana na hwari, haka na zauna ina kallon bango wata da watanni. Sunka ce, 'Balaraba akwai kunya!' Har zane anka ba ni tukuici. Ni kaɗai na san sau nawa na leƙa rijiyar gidanmu, ba don ɗibar ruwa ba. Ba wanda ya tambaye ni. Ga shi yau abin ya zo kan ɗiyata, a gabana, ni ma na biye muku ina yabo. Yaron ga Fa'izu shi kaɗai ya tambaya. In hauka ne, Mairo, na riga ta, kuma tun kina goye nike yawo da nawa, kina gaishe ni har ƙasa."

Maganar ta shigi Inna Mairo, amma zuciya ba ta sauka a rana ɗaya. Ta ja mayafinta ta fice, ba ta ɗauki yaron ba, ba ta kuma janye maganarta ba.

Washegari Fa'izu ya ɗauki matarsa zuwa asibiti a Birnin Konni. Wata likita ta zaunar da ita, ta saurare ta har ta gama, ba ta zare ido ba ko sau ɗaya.

"Madam, ciwon damuwa ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa," in ji ta. "Ba ke kika jawo shi ba, kuma ba ke kaɗai ba ce. Akwai magani. Amma bayan magani kina bukatar barci, da abinci, da mutanen da za su saurare ki." Ta juya ga Fa'izu. "Kai ne mai gidan? Aikinka ya hi nawa yawa."

"Dakor, lokotoro," ya ce wa likitar, wato ya amince. "Na ɗauka."

Ya kuwa ɗauka. Arba'in ta zo ta wuce, Wasila ba ta koma ɗakinta ba. Lokacin ban ruwan albasa ne, amma rabin ranakunsa a kan hanyar Illela suke ƙarewa, har wani gefen lambun ya bushe. Abokansa suna yi masa dariya wai ya zama ɗan aiken mai jego. A gida Inna Mairo ba ta amsa gaisuwarsa, shi kuwa kullum sai ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye mata goronta, ya ce, "Abdussamad na gaishe ki." A Illela kuma Kaka ta karɓi raino, tana saka Wasila a gaba sai ta shanye kunu.

"Sha, ja'ira! In kin mutu kin bar ni, wa zai yi mini kuka mai daɗin ji? Waɗanga maƙwabta ko kukan kirki ba su iya ba."

Sauƙi bai zo a guje ba. Wata rana ta wayi gari garau, wata rana ta koma kallon bango, Fa'izu ya hau motonsa ya koma gida zuciyarsa a jagule. Sai wata ranar kasuwa da ya shigo zaure, ta yamutsa fuska ta toshe hanci.

"Kai, malam! Wanga wari haka?"

Fa'izu, namiji guda da gemunsa, ya fashe da kuka.

Ita ma Inna Mairo kewar jika ta ci ƙarfinta. Ta fara da aiko da kuka da daddawa, wai na Kaka ne. Daga baya ta zo da kanta, wai hanya ce ta biyo da ita, alhali kowa ya san ba inda za ta. Ta zauna ta ga yadda surukarta ke cin abinci, tana hira, tana yi wa yaro wanka da hannunta. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta dubi kowa ba ta ce, "Ɗakin nan nata na can yana tara ƙura."

Ranar da aka mayar da Wasila Badaguishiri da gararta, gida ya cika da mata. Ana cikin guɗa Abdussamad ya tsorata ya callara kuka a hannun wata gwaggo. Wasila ta ratsa taron, ta karɓe shi, ta rungume shi a ƙirji.

"Abdussamad! Yi shiru, ɗana, ga ni nan." Ta sumbace shi a goshi, a gaban uwar miji da dangin miji kaf.

Nan take salati ya tashi. "La'ilaha! Ɗan hwari? Har da suna? Yarinya ba kunya!"

Kunya ado ce, ba wanda ya musa. Amma ba kowane shiru ne kunya ba, wani shirun ciwo ne da ke jiran mai tambaya. Ciwon zuciya da na ƙwaƙwalwa jarrabawa ce kamar kowace cuta, magani ake nema mata, ba a korar mai ita. Wanda kuma ya yi haƙuri da nasa a ranar duhu, shi ke cin ribar ranar haske.

Inna Mairo ta miƙe, tana share ido da bakin mayafi.

"Ku ƙyale mini ɗiya!" ta ce. "Na ga kunyar da ta kusa kai ta kabari muna yi mata tahi da yabo. Wasila, sake kiranshi in ji!"