Muryar Kaka da Dutsen Guga

A Birnin Kudu akwai wata yarinya mai suna Bara'atu. Tana aji biyar a firamare. Ba ta da rashin kunya, ba ta da ƙiwa. Abu ɗaya ne ya dame ta, son gayu. Idan ta ga hijabinta ya ɗan yamutse, sai ka rantse an yi mata mutuwa.

Mahaifinta, Malam Nu'uman, malamin makaranta ne. Yana da kwamfuta a falo. Abin da ya fi komai daraja a cikinta shi ne muryar mahaifiyarsa, Kaka A'i ta Farin Dutse. Kafin ta rasu bara, ya ɗauki muryarta tana waƙar niƙa, tana tatsuniya, tana lissafo sunayen kakanni. Babu wani wuri a duniya da muryar take sai cikin kwamfutar nan. Kullum Baba yana cewa zai kwafe ta ya adana a wani wurin, kullum sai gobe.

Wutar unguwarsu ba ta da tabbas. Yanzu a ɗauke, an jima a kawo. Wani lokaci ma sai ta zo da ƙarfi fiye da ƙima. Shi ya sa Baba ya sayo wani baƙin akwati mai nauyi da ake kira UPS. Wayar kwamfuta a jikinsa ake jona ta, shi kuma a jona shi a bango.

Ranar da ya kawo shi ya ce, "Bara'atu, wannan mai gadin kwamfuta ne. Idan an ɗauke wuta, zai riƙe ta har a kashe ta lafiya. Idan wuta ta zo da hauka, shi zai tare. Amma daidai kwamfuta na zaɓo shi. Kada a jona masa komai."

"To, Baba," in ji ta.

Wata Asabar za su tafi Farin Dutse, sunan jaririn Gwaggo Ikilima, ƙanwar Baba. Ita da Baba ne za su je. Inna, mahaifiyarta, za ta zauna a gida, don Abu, ƙanen Bara'atu, yana fama da mura. Kwana uku ke nan babu wuta, ana gyaran taransifoma.

Bara'atu ta ciro sabon hijabinta daga akwati. Duk ya yamutse.

"Inna, yaya zan yi?"

Inna tana daka a bayan gida. Ta ce, "Ga dutsen guga na gawayi nan, ki sa garwashi."

Bara'atu ta turo baki. Wancan karon tartsatsi ya huda mata riga. Ta shiga falo tana ƙunƙuni. Baba ya fita tasha neman mota. Sai idonta ya faɗa kan baƙin akwatin nan.

"Ai akwai sauran wuta a cikinsa," ta ce a ranta. "Minti biyu kawai. Wa zai sani?"

Ta cire wayar kwamfuta, ta jona dutsen guga na lantarki, ta danna maɓalli.

Akwatin ya saki wata doguwar ƙara. Sai ta ji fat! Fitilarsa ta mutu. Wani siririn hayaƙi ya fito, wari ya cika falon.

Bara'atu ta fizge dutsen gugar. Ta danna maɓalli sau uku, shiru. Sautin taɓarya ya hana Inna ji.

Da a nan ta tsaya ta faɗa, da magana ta ƙare. Amma tsoro mugun mai ba da shawara ne. Ta ɗauki wayar kwamfutar ta jona ta a bango kai tsaye, ta kunna soket ɗin. Dabararta ita ce, idan an kawo wuta Baba ya kunna kwamfuta, za ta kama, ba zai gane komai ba. Ta buɗe taga, ta kaɗa hayaƙin da mafici. Ta sa hijabin a yamutsensa.

A cikin motar Gwaram, ita da Baba suna zaune kusa da wata dattijuwa, Hajiya Talatu, mai sayar da atamfa. Ba a yi nisa ba ta fara hira.

"Malam, na ji yau za a kawo muku wuta."

"Haka muka ji, Hajiya."

"To, ku yi hattara. Mu da aka gyara mana tamu, wutar da ta fara zuwa ba wuta ba ce, bala'i ce. Duk abin da ta tarar a jone sai da ta cinye shi. Talabijin ɗina ko a kunne ba ta, amma haka ta ƙone ƙurmus."

Baba ya yi murmushi. "Allah ya mayar da alheri. Ni dai hankalina kwance yake. Kwamfutata tana da mai gadi."

Bara'atu ta juya fuska wajen taga. Mai gadin ya mutu, kuma ita ta kashe shi. Kwamfutar tana can a jone a bango, ba mai tare mata komai.

Mota tana ta gudu, gonakin gero suna wucewa. Bara'atu ba ta ganin komai sai hayaƙi yana fitowa daga kwamfuta, da muryar Kaka a ciki. Ta buɗe baki za ta ce "Baba", harshen ya ƙi. Hajiya Talatu ta miƙo mata gyaɗa, ta kasa ci.

"Yarinyar nan lafiya kuwa?"

"Mota ce ba ta saba ba," in ji Baba.

Daga Gwaram suka hau babur zuwa Farin Dutse. Gidan ya cika da mata, ana ta girki da guɗa. A kusurwar tsakar gida Bara'atu ta hango dutsen niƙan Kaka, an jingine shi da bango. Ta kawar da kai.

Gwaggo Ikilima ta fito da jaririn. Bayan an gaisa ta ce, "Yaya, ka zo mana da muryar Iya kuwa? Ina son yaron nan ya tashi da jin ta. Wallahi har na fara manta yadda take dariya."

Baba ya ce, "Tana nan a ajiye lafiya. Zuwa na gaba, in Allah ya so."

Nan Bara'atu ta fashe da kuka.

"Baba, ba lafiya take ba! Na jona dutsen guga a UPS, ya ƙone. Na sa wayar kwamfuta a bango don kada ka gane."

Murmushin Baba ya ɗauke. "Soket ɗin a kunne yake?"

"A kunne."

Bai yi mata faɗa ba, babu lokacin faɗa. Ya ciro wayarsa. Babu sabis. A wannan gefen ƙauyen, sai an hau tudun bayan masallaci, ƙarƙashin kuka, ake samu. Baba ya tattare babbar rigarsa ya fita da sauri. Bara'atu ba ta taɓa ganin mahaifinta yana gudu ba sai ranar. Ta bi shi, takalminta ɗaya a hannu.

Ya kira Inna. Ba ta shiga ba. Ya sake kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

"Ya Allah," in ji Bara'atu a hankali. "Ya Allah, ka sa ta ji."

A kira na uku Inna ta ɗauka.

"Mairo! An kawo wuta?"

"A'a, Malam. Amma ga masu gyara nan suna saukowa daga falwaya. Yara har sun taru."

"Maza falo! Cire wayar kwamfuta daga bango. Yanzu, yanzu!"

Suka ji ƙarar takalmanta, suka ji kukan Abu. Sai suka ji yaran unguwa sun kwashe da ihu, "An kawo! An kawo!" Wani abu ya yi tau! Wayar ta katse.

Baba ya tsaya yana kallon wayar. Bara'atu ta durƙusa a gindin kukar. Tunda take, ba ta taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Can wayar ta yi ƙara.

"Malam," in ji Inna tana haki, "na cire. Wayar kwamfutar tana hannuna ko ɗagowa ban yi ba, ƙwan falo ya fashe. Gidan maƙwabcinmu Malam Manu ga hayaƙi can daga firjinsu."

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. Ya zauna a ƙasa, da babbar rigarsa da komai.

Bara'atu ta ce, "Baba, ka yafe min."

Baba ya ce, "Kuskure biyu kika yi. Na farko ya ci akwati, ana sayen wani. Na biyu, ɓoyewar, ya kusa cin abin da babu shi a kasuwa. Da kin ƙara minti ɗaya kina shiru fa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na yafe miki. Ni ma ina da nawa laifin. Shekara guda ina cewa gobe."

Ranar Litinin bayan makaranta, ya tafi da ita shagon Alhaji Barau mai kayan lantarki. Alhaji ya buɗe akwatin, ya shinshina, ya girgiza kai.

"Wannan ya riga mu. Wa ya ɗora wa jaki kayan raƙumi?"

"Ni ce, Alhaji," in ji Bara'atu.

"To, tunda kin faɗa da bakinki, ke za ki zaɓi sabo."

Ta nuna wanda ya fi kowanne sheƙi. Alhaji ya yi dariya.

"'Yar gayu! Ba a zaɓen sa da kyau. Tambaya uku ce. Me za a jona masa?"

"Kwamfuta da allonta."

"To, a duba bayansu, an rubuta wutar da suke ci. Sai a ɗauki wanda ƙarfinsa ya ɗara hakan. Ta biyu, batirinsa zai riƙe har a adana aiki a kashe? Ta uku, yana daidaita wuta idan ta yi yawa ko ta yi kaɗan? A garin nan wannan dole ce."

Baba ya miƙo takardar da ya rubuto lambobin. Bara'atu ta bi kwalaye tana karantawa, har ta samo wanda ya dace. Ta ce, "Akwai wanda zai ɗauki dutsen guga?"

"A cikin waɗannan? Ko ɗaya. Duk abin da yake yin zafi, hita ko risho na lantarki, a nisanta shi da su."

Da suka koma gida, Baba ya haɗa komai. Abu na farko da ya yi, ya kwafe muryar Kaka a filashi biyu, ɗaya ta gida, ɗaya ta Gwaggo Ikilima. Sannan ya kunna.

Sautin dutsen niƙa ya cika falon. Kaka tana waƙa. Can waƙar ta tsaya.

"Kai! Wa ya zubar min da gari?"

Sai wata ƙaramar murya ta ce, "Ni ce, Kaka."

Bara'atu ta rufe baki da hannu. Muryarta ce.

Kaka ta yi dariyar nan tata. "To zo mu kwashe tare, ƙawata. Tunda kin faɗa da wuri, kaji ba su riga mu ba."

Hawaye suka zubo wa Bara'atu, amma tana murmushi. Baba ma ya share ido da hannun riga.

Tun daga ranar Bara'atu ba ta ƙara jona wa na'ura abin da ya fi ƙarfinta ba. Kuma idan ta yi kuskure, ba ta ɓoyewa. Takan faɗa nan take, tun ana iya gyarawa.