Ranar Da Baffa Ya Kira Sunanta

"Mukhtar, don girman Allah ka zo ka duba Baffa!"

"Haulatu, ba ki ganin abin da ni ka ciki?" Hannuwansa duk jini, yana ɗaure ƙafar wani yaron mota. Ranar Lahadi ce, kasuwar Illela ta cika, motar da ta taso daga Amarawa ta kife, ƙaramin asibitin da mijin nata yake aikin jinya ya cika da kururuwa. Shi ne a bakin ƙofa, shi ke zaɓen wanda za a fara shigarwa wurin likita.

"Na gaishe shi, Masoyiya. Da ƙahwatai ya shigo, ya ce lahiya lau."

"Ka dubi idonai?"

Mukhtar ya ci gaba da ɗaure ƙafar. Tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa kallon fuskar surukinsa ba. Ɗazun ma durƙusawa ya yi, ido a ƙasa, tsoho kuma ya kau da kai gefe. A haka aka gama dubawar.

Haulatu ta koma gindin darbejiya inda mahaifinta Jaɓɓo ke zaune a kan benci, rawaninsa naɗe tsaf. Bijimi ne ya ture shi ɗazu a kara, wurin cinikin shanu, ƙeyarsa ta bugi turke. Ya tashi ya karkaɗe riga yana dariya. Da ƙyar ta jawo shi nan.

"Baffa, kan na ciwo?"

"Ke, bari yara su hwara. Ni mi ya same ni?"

Bai rufe baki ba amai ya kece masa. Ya share da haɓar rawani, ya rufe wurin da ƙasa da takalminsa, kada a gani. Sai ya ɗago ya dube ta ido cikin ido.

"Haulatu... shanun sun sha ruwa?"

Ita ce 'yar fari. Tun da ta zo duniya sunanta bai taɓa fita daga bakinsa ba, sai dai "ke" ko "yarinyar ga". Shanun da yake tambaya kuwa tun bara aka sayar.

Ta ruga, mayafi na jan ƙasa.

"Mukhtar! Ya kira sunana!"

"Wa?"

"Baffa! Sunana, Mukhtar, da bakinai!"

Almakashi ya faɗi daga hannunsa. Ya isa gindin bishiyar da gudu, sai kuma ya tsaya cak, hannunsa a sama, ya kasa taɓa rawanin.

"Ka cire shi!" ta yi ihu. "In kunya ta kashe min uba, wallahi ba ni yahe maka!"

"Baffa, ka gahwarce ni," in ji Mukhtar. Ya warware rawanin. Ƙeyar ta kumbura, ta yi taushi, wani ruwa-ruwan jini na bin bayan kunne. Ya riƙe haɓar tsohon, ya haska masa tocila. Baƙin ido ɗaya ya buɗe, ko motsi ba ya yi.

"Likita! Jini na zuba cikin kai! A kawo mota, sai Sakkwato!"

A bayan mota Haulatu ta tallabe kafaɗun uban, Mukhtar ya riƙe kan da hannu biyu don kada ramuka su girgiza shi.

"Baffa, kada ka yi barci. Yi min magana!"

Tsoho ya buɗe ido, ya daɗe yana kallon fuskar da ke sunkuye a kansa.

"Wane ne wanga?"

"Mijina ne, Baffa."

"Ashe... haka yake. Yana da huskar kirki." Ya lalubo hannun Mukhtar ya ɗora a kan nata. "Riƙe min Haulatu."

Ba su kai Gwadabawa ba numfashin ya tsaya. Direba ya sauka gefen hanya yana salati.

Mukhtar ya kifa kai a jikin kujera. Ya fara janye hannunsa a hankali, kamar wanda ya san ba shi da sauran wuri a nan.

Haulatu ta damƙe hannun, hawaye na ɗiga a kan rawanin da ke cinyarta.

"Ina za ka kai shi? Nan ya aje shi."