Farantin Loretta

Mu talatin ne a gidan ɗaliban da nake, girki bi da bi. Wanda lacca ta riƙe sai ya rubuta sunansa a allon kicin, mai girki ya ajiye masa faranti. Kullum akwai suna ɗaya a can ƙasa: Loretta. Ban taɓa ganinta ba. To ni ɗin ma wa ya gan ni? Wata uku ina gidan, amma Wendell, shugaban kicin, "'yar ɗaki na tara" yake ce mini.

"Ki zuba mata, ki ajiye a teburin ƙarshe, ki fita," in ji shi. "Ba a jiran ta."

Ranar da aka ba da hutun ƙarshen Nuwamba kowa ya ja akwati ya tafi gida. Ƙarfe biyar duhu ya fara. Na dawo daga aikin laburare, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Na dafa taliya da cuku, na zuba faranti biyu. Na gaji da cin abinci a ɗaki ina kallon bango, wallahi na gaji. Na ce yau sai na jira ta, ko wace ce.

Bututun ɗumama gida ya yi tsit.

Sai warin jiƙaƙƙen ulu da na ruwan tafki.

Matakalar ɗakin ƙasa ta yi ƙara. Ta sake yi.

Ban ga shigowarta ba, na dai ga ta zauna. Doguwar rigar sanyi irin ta da. Ƙanƙarar da ke kafaɗarta ba ta narkewa.

"Renata," ta kira sunana a hankali. "Ke ce kika yi kuka a ɗakin wanki ranar Lahadi."

"Kin ji ni?"

"Ni kaɗai nake ji a gidan nan. Jawo kujera, 'yar uwa. Ba mai neman ki. Ni ma sai da ƙanƙarar tafki ta narke aka lura ba na nan."

Na kama kujerar.

Yatsuna suka sandare.

Na fara zama.

Aka fizgo ni ta baya har na bugi ƙofa. Wendell ne, motarsa ta ƙi tashi, ya dawo neman waya.

"Ke, haukacewa kika yi? Kada ki waiwaya!"

A gidan mahaifiyarsa a garin Duluth na yi hutun, da zazzaɓi. Da muka dawo ya kawo sabuwar doka: kafin a sa cokali a baki ana kiran sunan kowa, wanda bai amsa ba a hau a ƙwanƙwasa masa.

'Yan gidan suna cewa tsoro ne ya kusa zaunar da ni, na bar su a haka. Ba tsoro ba ne. Ni na so in zauna.