Mai Shelar da Aka Ƙwace wa Ganga

Can da daɗewa, a wani gari, an yi wani mai shela wanda ba ya faɗin abin da bai gani ba. Wata rana akuyar mai gari ta faɗa rijiya ta ruɓe. Don gudun kunya, mai gari ya ce wa mai shela, "Je ka ce ruwa lafiya lau."

Mai shela ya leƙa rijiya, ya dawo. "Ranka ya daɗe, ruwan nan wari yake. Ba zan faɗa ba."

"To, ajiye mini gangata."

Ya ajiye, ya fita yana ɗaga murya: "Jama'a, kada kowa ya sha!"

Aka ba wani ganga, ya fito yana cewa ruwa lafiya lau. Wata tsohuwa ta ɗebo guga guda, ta miƙa masa. "Fara sha, ɗan nan, mu gani."

Ganga ta yi shiru.