Santimita Uku a Hanta

Ranar Talata ya fara ganinta, ta tagar ofishin da yake buga sakamakon hoton ciki a asibiti. Malamar makaranta ce, da ƙurar alli a hannun rigarta. Ƙwannafi ne ya kawo ta, sai na'ura ta hango wani abu daban: ƙari a hanta, santimita uku.

"Mutuwa zan yi?" ta tambaye shi.

"Ni magatakarda ne. Amma na buga irin wannan takarda ta fi ɗari, masu ita har yau suna zuwa suna yi min faɗa a kan layi."

Ta yi dariya. Likita ya yi mata bayani: jijiyoyin jini ne suka curu wuri ɗaya, mai yiwuwa da shi aka haife ta. Ba ciwon daji ba ne, ba a ɗaukarsa. Yawanci yana zama yadda yake, wani yakan ƙaru a hankali, wani ma ya ragu.

Bayan wata huɗu ya tura mata saƙo: "Malamata, ina son ki, ke da santimita ukunki."

Ta amsa: "Magatakarda, fara faɗa wa Mama tukuna."

Kalma biyu mahaifiyarsa ta ji, ƙari da hanta.

"Ciwon hanta! Ka rasa wadda za ka kwaso sai ragowar asibiti? Ga 'yar ƙawata nan lafiyayya, tana jiranka."

"Mama, wannan ba ciwon hanta ba ne."

"A hanta yake ko a ƙafa?"

Da malamar ta je gaishe ta, a kofin roba aka ba ta ruwa. Kafin ta kai ƙofa ta ji faɗuwarsa cikin kwandon shara.

Da ya nace, uwar ta kafa sharaɗi: a jira shekara, a sake awo. In ya ƙaru, babu aure.

Shekara ta zagayo, aka sake awo. Ya ƙaru da milimita biyu. Likita ya ce ba komai, ta dawo baɗi. Magatakarda ya buga takardar yadda take, ya kai gida. Uwar ta sa ya karanta mata sau biyu, sannan ta ce ta amince.

Malamar ta je godiya. Tana zaune a falo ta jiyo uwar daga ɗaki tana waya da ƙawarta: "Ki ce wa 'yarki ta ƙara haƙuri. Abin girma yake yi. Shekara ɗaya, biyu in ta daɗe. Bari ya samu ladan jinya."

A hanya ta rubuta masa abin da ta ji, ta ƙara da: "Kai ma jira kake yi?"

Ya amsa: "Ni na buga takardar. Milimita biyu a shekara. Sai dai ki tsufa a hannuna."

Aka ɗaura aure ranar Asabar. Amarya ta durƙusa gaban surukarta, falo cike da dangi.

"Allah ya ba da zaman lafiya," in ji uwar.

"Da tsawon rai fa, Yaya," ƙanwarta ta tuna mata.

"Da tsawon rai."

"Amin, Mama," in ji amarya, ba ta ɗago kai ba. "Likita ya ce zan iya kai tamanin. Ni zan yi jinyarki."

Dangi suka amsa da amin.