Shekarar Fara a Takardar Tsahara

Tsahara na tankaɗen gari a gidansu da ke Tsibiri sai Malama Zuliha ta yi sallama, tafe da ƙafa tun daga Maraɗi. Shekara uku ke nan tana koya wa yarinyar karatu bayan an tashi daga lakwal, wato makarantar boko, don ta shiga makarantar horon malamai mata a Senegal, inda ita ma ta yi.

"Kin ci jarrabawa, ɗiyata," in ji ta, ko zama ba ta yi ba. "Amma sun ce shekarunki sun wuce. Wa ya yi miki shaidar haihuwa gaban kumandan, nasaran da ke mulkin Maraɗi?"

"Inna Dada, uwar Ilyasu. Ita ta yanke mini cibiya."

"To, ta ce shekarar da fara ta cinye gonaki aka haife ki."

"Shekarar fara? Malama, ai yayana aka haifa a shekarar! Ni sai bayan damina biyu!"

Ilyasu tela ne, ya kuma yi alkawarin jiran Tsahara har ta gama. Da ya ji, ya ajiye ɗinki ya tafi wurin uwarsa.

"Inna, mantuwa kika yi?"

"Ni? Cibiya ɗari na yanke, ban manta ko ɗaya ba. Ka zauna tuzuru shekara huɗu, ta dawo tana gaishe ni da faransanci? Taimakonka na yi!"

"Don Allah ki koma ki gyara."

"In ce wa nasara na yi ƙarya? Ka kai ni can, ban yafe maka nonona ba!"

Malama ta rubuta wa kumandan wasiƙa uku. Amsa ɗaya ta zo: abin da aka buga wa hatimi ba ya gogewa.

Ilyasu ya zo wurin Tsahara da idanu jajur. "Ki yafe mata, mu yi aure."

"In durƙusa mata kowace safiya? Ina sonka, Ilyasu, amma ba zan iya ba."

Damina ba ta faɗi ba ya ɗauki kekensa na ɗinki ya koma Katsina.

Tsahara ta zauna ƙarƙashin Malama, tana koyar da ƙanana ba takardar shaida. Duk yarinyar da za a yi wa takardar haihuwa, da kanta take raka uwar, su ƙirga damina ɗaya bayan ɗaya. Bayan shekara bakwai ɗalibarta Maijidda ta hau motar Senegal. Tsahara ta ɗaga mata hannu har motar ta ɓace, sannan ta yi kukanta.

Haƙuri yakan yi 'ya'ya, amma ba kullum mai shukar ke ci ba. Iyaye, son da ke datse hanyar ɗiyar wani, ɗanku ma yake raba ku da shi.