Gyatsar Bayan Rumbu

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, Larai, matar Mailafiya tela, ta haifi Mahmudu. Yaro tubarkalla, sai dai rana na yin ja zai naɗe ƙafafu, ciki ya yi tam kamar ganga, ya yi ta tsala ihu. Unguwar har ta daina duba agogo. In Mahmudu ya ɗauka, kowa ya nemi buta.

Gwaggo Iyatu, uwar Mailafiya, ita ke jiƙa masa saiwa da 'yar kanwa a kasko. In ta ɗura masa, sai ta ajiye sauran bayan tsohon rumbu, a buɗe. Kafin safiya kasko ya bushe ƙaf. Ta ce kaji ne. Ba wanda ya tuna mata kaji da wuri suke kwana.

Ana nan maƙwabciyarsu Dorkas, nas ce a asibiti, ta ce a daina ɗurar nan. Ta kawo sabon magani a 'yar kwalba, ta kuma nuna yadda ake ɗora jariri a kafaɗa bayan ya sha nono, a bubbuga bayansa har ya yi gyatsa. Mailafiya kuwa mutum ne mai son a ce ya waye. Ranar ya kife kaskon uwarsa. Kullum shi ke ba da maganin da ɗan cokali, ya yi bisimilla ya murɗa murfi, ya jefa kwalbar a aljihun keken ɗinki.

Magariba ta uku, iska ta tsaya cak. Hayaƙin murhu ya miƙe sama kamar an ja shi da zare. Mailafiya na alwala ya ji ƙwal a kan kwanon ɗaki. Ya ɗaga kai. Ƙwal. Tsakuwa ta gangaro gabansa, ya ɗauka, da zafi kamar daga wuta aka ciro ta.

Mahmudu ya fara kuka. Da ya tsaya jan numfashi, kukan bai tsaya ba. Wani ne ke ci gaba da shi, siriri, daga bayan rumbu.

"Gwaggo, kin ji?"

"Ban ji ba," in ji ta. "Kai ma ba ka ji ba."

Washegari Larai ta ɗauki tabarma ta zauna tana fuskantar rumbu. Ba ta ci, ba ta magana. In an miƙa mata Mahmudu sai ta kau da kai. Gaban rigarta na jiƙewa, amma in Gwaggo ta matsa, ko ɗigo babu, kamar wani ya riga ya shanye. Kwana biyu yaro na kan ruwa da cokali. Kukan ma ya gagare shi, sai buɗe baki. Unguwa ta yi shiru da magariba, kuma ba wanda ya ji daɗin shirun.

Aka je garin Bobi aka ɗauko wani malami, Modibbo. Tsoho ne ɗan firit, bai iso ba sai da rana ta yi ja. Ya zauna gaban Larai, ya fara karatu a hankali. Jifa ya sauko a kan kwano kamar ƙanƙara, sannan ya ɗauke. Larai ta juyo. Muryar da ta fito ba tata ba ce, ta wata mace ce da ta gaji ƙwarai.

"Wa ya kife mini kasko?"

Wayayyen tela ya koma bayan uwarsa.

"Ke wace ce?" in ji Modibbo.

"Mai jego ce. A rumbun nan na haihu. Nawa jaririn ma ciwon ciki ne, kwana arba'in ban runtsa ba. Abin da tsohuwa ke ragewa nake ba shi. Kwalbar kuwa an rufe ta da sunan da ba na iya taɓawa. Kun hana nawa magani, na hana naku nono."

"Me kike so?"

"A buɗe kwalbar, a riƙa ajiye mini bayan rumbu."

"Ba za a ajiye ba. Yau kwalba, gobe akuya."

"To zan tafi da Mahmudu, ya taya nawa kuka."

Mailafiya ya dubi ɗansa a hannun Gwaggo, maɗigarsa ta faɗa. Bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba.

"Baiwar Allah... kina sa shi gyatsa kuwa?"

Idanun Larai suka sauka a kansa.

"Mene ne haka?" in ji muryar.

Modibbo ya ɗaga hannu. "Wannan koyarwa ce, ba ajiya ba. Za a nuna miki. Ki rantse in ya yi za ki saki Larai, ki bar gidan nan."

Ta rantse.

Mailafiya ya karɓi Mahmudu ya ɗora a kafaɗa. "Haka. Ki tallafe kan. A hankali, ba dakan fura ba ne."

Larai ta miƙa hannu ƙasa, ta ɗago abin da ba wanda ya gani. Kafaɗarta ta lotsa. Ta fara bubbuga iska, kuma kowa na jin sautin, tab, tab, tab. Siririn kukan yanzu a gefen kunnenta yake. Aka daɗe. Ladan ya kira salla, ba wanda ya tashi.

Sai ga gyatsa, 'yar ƙarama, daga inda babu kowa. Kukan ya ɗauke.

"Ashe," in ji muryar, kamar za ta yi kuka. "Ashe."

Larai ta sulale ƙasa. Da ta buɗe ido, cewa ta yi, "Ina Mahmudu?" Aka miƙa mata shi, ya kama nono, ana jin haɗiyarsa har zaure. Daga bayan katanga kuwa tab, tab ɗin na ta yin nisa, ya bi hanyar Mashegu.

A kafaɗar rigar Larai akwai tumbuɗi, fari, da ɗumi. An wanke har sabulu ya ƙare, bai fita ba.

Mahmudu ya ci gaba da ɗan kukansa har ya cika wata uku, ya bari don kansa. Amma Mailafiya, har ya yi furfura, in ya ji gyatsa da magariba ba ya cewa komai sai ya ƙirga mutanen da ke wurin.